Gullible, naive, sucker da 'yan uwansu: wai duk wawa ne?

Jama'a barkanmu da war haka. Yau zancen Ingilishi nake tafe da shi, kuma da gangan na ce Ingilishi ban ce Turanci ba, don mu nan Maradi in ka ce Turanci rabin masu jinka Faransanci za su zata kake nufi, su kuwa 'yan uwanmu na Katsina da Kano Turanci guda sunka sani. To na Ingila da Amurka nake nufi, wanda ake soma koya muna a sizem mu yi ta fama da shi har bak, mu fito ko cinikin tumatur ba mu iya yi da shi, sai in Allah ya sa mutum ya faɗa harkar Jibiya ko Legas sannan bakinshi ya buɗe.

Kalmomin da Bature ke kiran mutumin da ake saurin yi ma wayo da su nake so mu duba. Suna da yawa fa, gullible, credulous, naive, dupe, sucker, mark, ga wasu nan kuma, amma abin da na lura yaranmu 'yan lakwal duk wadda sunka ci karo da ita a ciki sai su ce wawa su wuce. Ni dai ban yarda da wagga fassara ba. Wawa yana da nashi suna a Ingilishi, fool ko simpleton, shi ne dolo, gaula, wanda kan ne bai cika ba, kuma shi ko ɗan damfara ba ya buƙata, da hannunshi yake ɓarnar da abinshi. Waɗanga da na lissafa kuwa kusan dukkansu mai cikakken hankali ake faɗa ma su, alhaji mai shago uku a babbar kasuwa, mushe mai koyar da lissafi, hajiya mai adashe da ta fi kalkuleta iya ƙidaya. Inda sunka bambanta shi ne ta wace kafa anka shigo ma mutum.

Naive ce munka fi sani tunda tamu ce ta lakwal, naïf da naïve. Ingilishi aronta ya yi daga Faransanci tun ƙarni na 17, kuma abin dariya ta macen ya ɗauka ya bar ta namijin, shi ya sa ko ƙato ne mai gemu naive za a ce mishi. Asalinta Latin ne, nativus, wato abu yadda anka haife shi, bai ga jiya ba balle yau. Rashin gogewa kenan. Yaro ya taso wani ƙauye bayan Mayahi ko Dakoro inda kowa ya san kakan kowa, in ka manta damin hatsi bakin gona gobe za ka tarar da abinka, ran nan ya sauka tasha a Kano karon farko wani ya ce samari kawo jakar in riƙe maka ka je ka yi alwala, shi kuma ya miƙa har da godiya. Wanga ba wauta ya yi ba, dokar garinsu ya yi aiki da ita a garin da ba ta ci, baƙo ai ko da ido makaho ne. Kuma ba dole sai an cuce ka ba kake zama naive, wanda ya yarda har zuciyarshi ɗan siyasa zai cika duk alkawarin da ya yi lokacin kamfe naive ne ko da ba a karɓe mishi dala ɗaya ba. Akwai ƙanwarta greenhorn, sabon shiga, ita daga kore anka samo ta, abin da bai nuna ba, daidai da yadda muke cewa ɗanyen kai. Bafaranshe shi shuɗi ya zaɓa, sabon soja un bleu yake ce mishi, 'yan Najeriya kuma sunka ƙirƙiro tasu JJC, Johnny Just Come, wato Joni yanzu ya sauka daga mota.

Gullible daban take, kuma ita ce ta fi ciwo in an faɗa maka. Naive bai sani ba, gullible ya sani. Ya ji a rediyo, liman ya faɗa ran Juma'a, an yi ma maƙwabcinshi watan jiya har shi ma ya je jaje, amma da wayarshi ta yi ƙara wani mai murya irin ta ma'aikacin buro ya ce albishirinka ka ci tombola jika ɗari biyar, karanto muna lambobin da sunka shigo maka yanzu, sai ka ga bawan Allah ya koma bayan shago yana rage murya don kar wani ya ji arzikin da ya same shi. Kalmar a farkon ƙarni na 19 ta bayyana, daga wata tsohuwa gull mai nufin yaudara, wasu masana kuma suna danganta ta da haɗiya, in haka ne kuwa ma'anar ta zauna daram, mutumin da duk abin da anka sa mishi a baki haɗiyewa yake bai tauna ba. Yaran makaranta a Ingila da Amurka suna da wata tsokana, su ce ma ɗan uwansu ka ji an cire gullible daga ƙamus? In ya ruga ya buɗe ƙamus don ya duba to shi kenan ya ba da amsa da kanshi. Hali ne mai maimaituwa, shi ya sa. Hadisin nan da kowa ya sani ya ce ba a sarar mumini sau biyu a rami guda, to ni a ganina sara na farko na naive ne, daga na biyu zuwa sama an shiga gonar gullible.

Credulous kuma ta littafi ce da jarida, da wuya ka ji ta bakin ɗan tasha. Mu da munka yi Faransanci ba ta ba mu wahala don crédule ce, tushenta credere na Latin, yarda, tushe guda da kiredin da muke sa ma waya da kiredin da mai shago ke rubutawa a kaye, duk zancen yarda ne. Bambancinta da gullible siriri ne amma yana nan. Gullible sai da wani mai wayo a gefe da ke son cin wani abu gare ka. Credulous ko babu macuci, shi dai kunne ne buɗe, duk saƙon murya da ya shigo WhatsApp gaskiya ne in dai an fara shi da sallama an rufe da a tura ma mutum goma. Ku tuna 2014 lokacin Ebola, ran da anka wayi gari a Najeriya ana ta kiran dangi tun kafin asuba wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane sunka yi ta yi har wasu sunka kwana asibiti. Ba wanda ya nemi kuɗɗin kowa a wannan zance, uwa ce ke kiran ɗiyarta don ƙauna, yaya ke kiran ƙane, wannan ita ce credulous tsantsa. Wanda ya kai kuɗɗinshi wurin mai ruɓanya kuɗɗi kuwa ya haɗa biyun, ya yarda takarda na haihuwa sannan ya yarda wanga mutum mai tsohon takalmi shi ne ungozoma.

Waɗanga uku duk siffofi ne, hali suke faɗi. Sauran sunaye ne, kuma daga nan abin ya fara daɗi.

Dupe ma daga Faransanci take, shi ne wanda anka riga anka yi ma, anka juya shi bai sani ba, wani lokacin ma anka yi aiki da shi wurin cutar wasu. To masu bin asalin kalmomi da yawa sun ce daga huppe ta fito, kun san mine ne huppe? Alhudahuda. Wai su can Faransa kallon tsuntsu mara wayo suke mishi. Kai jama'a, alhudahuda fa, mai tukkun nan, wanda a cikin Suratun Namli shi ya kawo ma Annabi Sulaimana labarin Saba'u da sarauniyarsu da abin da suke bauta ma, kuma shi anka ba wasiƙa ya kai, mu da muke mishi kallon malami cikin tsuntsaye shi ne wasu sunka maida sunanshi zagi. Bafaranshe dai da alama yana da matsala da tsuntsaye, don a bakin 'yan bariki nasu wanda za a cuta pigeon ne, tantabara, cutar kuma su ce an fige ta. Wannan kam na ba su, don wanda duk anka taɓa damfara ya san figa ce ake yi, gashi ɗaya ɗaya, yau kuɗɗin dosiye, gobe na tambur, jibi na wani babba da sai an gan shi, ba a tuɓe ka rana guda.

Sucker ta titin Amurka ce kuma raini ne tsagwaronshi. Daga tsotso take, jaririn da ba a yaye ba. Akwai wata magana tasu da ta shahara wai kowane minti ana haihuwar sucker guda, ana jingina ta ga P. T. Barnum mai gidan wasannin nan na ƙarni na 19 duk da babu shaidar shi ya faɗe ta. Abin da na lura a sucker sau da yawa akwai ƙanshin kwaɗayi, mutum ya hango banza ya biyo ta, shi ya sa mai faɗinta ba ya jin tausayi. Amma a kula, in mutum ya faɗa ma kanshi ita ma'anar ta juya, in ya ce I'm a sucker for kaza to cewa yake abin nan ya fi ƙarfina, kamar ni da kilishi. Ingila su mug suke cewa, kusan abu guda ne, ba sai na tsaya kanta ba.

Mark ita ce ta fi tsaya min a rai, don ita ba ruwanta da halinka sam. Kalmar 'yan sana'ar ce, su 'yan damfarar, tsakaninsu suke faɗinta, ma'anarta wanda anka sa ma ido, abin hari. Kana iya zama mafi wayon mutanen unguwar Zariya ka zama mark, abin da ake buƙata kawai kana da abin da suke so kuma sun gano inda ke maka ƙaiƙayi. Shi kanshi sunan ɗan damfara a Ingilishi, con man, gajarta confidence man ce, mutumin yarda. A 1849 anka kama wani William Thompson a Niyok, shi aikinshi ya sha kwat mai kyau ya tare mutum kan hanya kamar sun san juna, su yi 'yar hira, sannan ya ce ka yarda da ni har ka ba ni ajiyar agogonka zuwa gobe? Mutane su cire su ba shi, jarida kuma ta laƙaba mishi wannan suna ya bi duk 'yan sana'ar har yau. Bahaushe ya riga su, zamba cikin aminci.

Ku ji wani labari da ya nuna mark da kyau. A 1925 wani gawurtaccen ɗan damfara Victor Lustig ya tara manyan masu sayen tsohon ƙarfe na birnin Pari a wani babban otal, 'yan gwangwan dai amma masu kwat, ya ce shi babban ma'aikaci ne a ministan gidan waya, gwamnati ta gaji da kashe kuɗɗi wurin gyaran hasumiyar Eiffel za ta sayar da ita a yanka, amma a asirce don kar jama'a su yi bore. Cikin waɗanda sunka zo ba mafi wauta ya zaɓa ba, ya zaɓi wani André Poisson da ke jin manyan 'yan kasuwar garin ba su ɗauke shi bakin komi ba, yana neman cinikin da zai sa a san da shi. Kuma da ya ga mutumin na ɗan ɗari-ɗari sai ya ja shi gefe ya ce ka san albashinmu ba ya isa, a ɗan ga ni. Nan fa hankalin Poisson ya kwanta, tunda ya nemi cin hanci ai ma'aikacin gwamnati ne na gaske! Ya biya kuɗɗin hasumiya ya biya na goro, Lustig ya tsallake ya bar ƙasar, shi kuma kunya ta hana shi zuwa wurin 'yan sanda, abin da ya ba Lustig ƙarfin halin dawowa ya sake gwada sayar da ita ga wasu. Sunan mutumin ma Poisson, kifi, sai ka ce da gangan, ya haɗiyi fatsa har da zare. To don Allah wace kalma za ka ba wanga? Ba naive ba ne, ɗan kasuwa ne da ya san gari, saninshi da yadda gari yake ma shi anka kama shi da shi.

Haka Bernie Madoff da asirinshi ya tonu a Disamba 2008, anka yanke mishi shekara 150 a 2009, ana maganar wajen miliyar 65 na dala a takarda, dalar Amurka fa ba dalarmu ta sayen alawa ba. Waɗanda ya wanke bankuna ne da attajirai da masu digiri a kan harkar kuɗɗi. Kusa da mu kuma ga MMM da ta yi tashe a Najeriya tana alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata har ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, kuma da yawa cikin waɗanda sunka shiga sun san sarai abin ba mai ɗorewa ba ne, lissafinsu shi ne su shiga da wuri su fita kafin rufin ya faɗo kan na baya. Mutum yana ganin shi ne mai wayon, wasu ne suckers, ashe shi ma yana cikin lissafin wani. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ba ni na faɗa ba.

Wanda ke harka da kudancin Najeriya kuma dole ya san nasu, don a waya da intanet su za ka fi ji. 419 kowa ya san ta, lambar sashen dokar laifuka ce ta Najeriya da ke magana kan karɓar abin mutum ta hanyar yaudara. Mumu shi ne wawa kai tsaye. Maga shi ne mark ɗinsu, wanda za a tatsa. Amma wadda ke rikita Bahaushe ita ce mugu. A Burokan Ingilishin Legas mugu shi ne wanda anka cuta, sakaran da ya turo kuɗɗi, mu kuwa mugu shi ne macucin. Baƙi guda, furuci kusan guda, amma ɗaya na wannan gefen tebur ɗaya na wancan. Bamaraɗe in Bayarabe ko Inyamuri ya ce mishi mugu a kasuwa yana iya jin haushi ya ce wace mugunta na yi maka, ko ma ya ji wani ɗan alfahari a ranshi wai ana tsoronshi, alhali cewa anka yi ga banza ta faɗi.

Sai patsy da fall guy, su ba kuɗɗinsu ake so ba, wuyansu ake so. Shi ne wanda ake shirya ma ɗaukar laifi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗɗi. A tasha wani mai fara'a ya ba ka kwali ya ce magani ne na tsohuwa a miƙa ma wane, har da jika biyu na shan ruwa, a zo Ɗan Isa 'yan duwan su buɗe a ga ƙwaya, lambar mai kwalin kuma daga ranar ba ta ƙara shiga. Lee Harvey Oswald da anka kama kan kisan shugaban Amurka Kennedy a 1963 abin da ya ce ma 'yan jarida kenan, shi patsy ne kawai, gaskiya ya faɗa ko ƙarya wannan ba hurumina ba ne.

Cikin duk tarin nan guda ɗaya ce ba zagi ba, trusting, mai yarda da mutane don zuciyarshi fara ce yana zaton ta kowa haka take. Kuma a gaskiya garin nan da ita yake tafiya, alhazanmu tun zamanin gyaɗa suke aika kaya da kuɗɗi tsakanin nan da Kano da Kwatano da baki kawai, babu takarda babu sa hannu, yaro ya ɗauki miliyoyi cikin buhu ya kai ya dawo. In an yi ma irin wanga zamba bai kamata a ce mishi gullible ba, bai haɗiyi wani labarin banza ba, amana ya ba wanda ya ci abinci gidanshi shekara da shekaru. Matsalarmu duk wanda anka cuta kalma guda muke jifanshi da ita a fada, an yi ma wawa wayo, ana dariya ana zuba shayi, shi ya sa kowa ke haɗiye tashi kamar Poisson, ba ya zuwa komisariya ba ya faɗa ma ko matarshi, ɗan damfara kuma ya matsa layi na gaba da labarin nan dai bai canza ko wasali ba.

Akwai wata da ake yawan cusawa cikin jerin alhali ba 'yar gidan ba ce, pushover. Shi wanga ba a ruɗe shi ba ko kaɗan, yana gani sarai, a'a ce kawai ba ya iya cewa. Bature rauni yake ɗaukar abin, mu kuwa kara muke ce mata ko alkunya har mu yaba. Mai shago ne ƙanen surukinshi ya shigo ya ce a ba shi buhun shinkafa zuwa ƙarshen wata, shi ya san ba za a biya ba, mai karɓa ya san ya sani, yaron shago ma da ke ɗora buhun kan kabu-kabu ya sani, amma sai ka ji ya ce haba ba komi Alhaji ƙarami, Allah ya kai mu, ya jawo kaye ya rubuta ƙarƙashin na watan azumin bara da ba a goge ba.